Zakka da baiko a Damagaram: yadda za ka tsara bayarwarka, da inda ya kamata kuɗin su tafi

Ƴan'uwa salama gare ku. Maganar kuɗi a coci magana ce da kowa ke gudu, baba fasto na jin nauyin taɓo ta kar a ce tumbinsa yake wa wa'azi, dattawa su ma sai kewaye-kewaye, mu kuma na kan benci da an ce "zakka", wato ɗaya bisa goma na samun mutum, sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. To ni dai ba fasto ba ne, ba ma'aji ba ne, ko dala ba za ta shigo aljihuna ba in kun bayar, shi ya sa nake ganin zan iya faɗa ba kunya. So nake mu duba yadda mutum zai tsara bayarwarsa a nan Zinder, da irin samunmu da irin garinmu, ba yadda ake yi a manyan majami'un Legas da muke gani a Facebook ba.

Mu fara sanin matsayinmu tukun. Ƙidayar 2012 ta nuna kiristoci a Nijar ba mu kai ko 1 cikin 100 ba, a garin nan kuwa kusan kowa ya san kowa, in ka yi fashin sujada sai ka ga an aiko yaro gida a ji ko lafiya. Kuma ba jiya bishara ta iso nan ba fa, mishan SIM ta sauka Zinder tun 1924, lokacin ma nan ne babban birni kafin Faransawa su maida shi Yamai a 1926. Daga wannan aikin ne aka samu asibitin Galmi a 1950, aka samu EERN, wato ikilisiyar bishara ta Nijar, su kuma ƴan'uwanmu Katolika tun 2001 suna ƙarƙashin diyosis na Maraɗi. Abin da ya sa na kawo tarihin nan, ya bar mana wata ɗabi'a da har yau ba ta sake mu ba, wato tunanin cewa akwai wani bature can a wani wuri da zai biya. Kwano ya yi yoyo, "mishan za ta gyara". Fasto bai samu na wata ba, "ai ana aiko musu daga waje". Ba a aikowa ɗan'uwa, in ma ana aikowa ba don wannan ba ne. Ku tuna ranar juma'a 16 ga Janairu 2015 da aka ƙona majami'u a garin nan, washegari abin ya kai Yamai, mutanenmu da yawa sai a barikin soja suka samu mafaka. Bayan haka taimako ya zo daga waje don sake gini, mun gode Allah mun gode musu, amma mai taimakon gini ya gama gini ya tafi abinsa, ba wanda zai zauna a Amurka yana tuna faktir ɗin kuran ɗinmu na watan Afrilu. Wannan namu ne, shekara 100 da zuwan bishara ai yaro ya isa ya ci da kansa.

To ina kuɗin ke tafiya in an tara? Na farko dai fasto da iyalinsa, kuma a nan ba na son mu yi munafunci, mutumin da muke tasa da tsakar dare in yaro ya suma, shi ne zuwa gidan likita, shi ne jana'iza, shi ne sasanta miji da mata, ba daidai ba ne a ce ƙarshen wata yana cin bashin tiya a wurin mai shago. 1 Timoti 5:18 ta faɗa sarai ma'aikaci ya cancanci ladansa. Sai kuran da ruwa, kuma duk ɗan Damagaram ya san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, in bazara ta yi famfo ya ɗauke sai an sayi bido-bido wurin ƴan ga-ruwa, ranar lahadi yara cike da fili ga zafi, ruwan shansu kawai kuɗi ne. Sai mai gadi, sai yaɓen katanga bayan damina, sai esansin moto na mai bishara da ke zagaya ƙauyuka wajen Mirriya ko Magarya ko Matamai, sai kason da ake turawa babban ofishin ƙungiya. Duk wannan kafin a zo kan abin da ni a ganina ya fi komi nuna ko ikilisiya na da rai, wato asusun taimako, gwauruwa da marayu da marar lafiya da ɗalibin da ya zo jami'ar André Salifou daga nesa kuɗinsa suka yanke, da ɗan'uwan da aka turo daga ƙauye babban asibiti yana jinya ba shi da kowa a gari sai coci.

Yanzu ga yadda za ka yi naka. Abu mafi muhimmanci, ka ware tun farko, kar ka jira saura. Yawancinmu ba rowa ke hana mu ba, rashin tsari ne, sai an fara waƙar baiko sannan mutum zai fara lalubar aljihu, abin da hannu ya ci karo da shi ko dala 10 ko dala 20 shi ke nan ya jefa. Bulus ya ba mutanen Korinti shawara mai sauƙi a 1 Korintiyawa 16:2, kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu ya ajiye gwargwadon samunsa, don kar sai ya iso a fara tara kuɗi a gurguje. Wato tsari ne ake yi a gida kafin a zo coci.

In kai mai albashi ne naka ya fi na kowa sauƙi. Albashi ya faɗo jika 80, ka fidda jika 8 ran nan ran nan ka sa a ambulan ka rubuta, kar ka ce bari in biya haya da lakwal ɗin yara tukun in ga abin da ya rage, ba abin da zai rage, kuɗi ba su taɓa yin saura a hannun mai iyali ba. Akwai masu gardamar wai a kan albashi kafin a cire haraji za a lissafa ko bayan an cire, ni dai ina ganin abin da ya shigo hannunka shi ne samunka, wanda zuciyarsa ta ba shi ya yi a kan duka to madalla, amma kar a maida shi abin faɗa.

Ɗan kasuwa kuma a kan riba zai lissafa, ba a kan jari ba, a nan ne mata da yawa ke cutar kansu. Kin saro kaya na jika 50 a kasuwar Dole kin sayar jika 58, ribarki jika 8 ce, ɗaya bisa goma ɗinta dala 160, wato 800. In kika fidda a kan jika 58 gaba ɗaya kin ci jarinki, wata biyu sana'a ta mutu sai ki ce zakka ce ta karya ki, alhali lissafi ne. Haka ɗan kabu-kabu, ka cire na esansi, ka cire na mai moto in ba taka ba ce, abin da ya rage shi ne naka. Ya rage 2500, ka jefa dala 50 a gwangwani, kullum da dare in ka dawo, ran asabar ka juye. Mai samun kullum in ya ce sai ƙarshen wata zai lissafa to ba zai taɓa lissafawa ba don shi ba shi da ƙarshen wata. Tela, mai walda, mai kitso, mai tuyar ƙosai, duk hanyar ɗaya ce.

Manomi kuwa ba sai ya sayar ya kawo kuɗi ba, ya kawo hatsin. Dami 10 ka ware 1, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, maƙwabtanmu musulmi haka suke fidda zakkar amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma, tun a bakin gona kafin a kai rumbu. Ni kam na fi son ganin hatsi a coci da kuɗin hatsi, zan zo kan dalili.

Akwai tambayar da matasa masu karatu ke yawan yi, wai ashe zakka ba ta tsohon alkawari ba ce, me ya sa ake ɗora mana? Tambaya ce mai kyau bai kamata a hantare su ba. Gaskiya ne dokar ɗaya bisa goma a Littafin Firistoci 27:30 take da Malakai 3:10, kuma a wasiƙun manzanni ba za ka ga an yanka wa ikilisiya kaso ba, abin da za ka gani shi ne 2 Korintiyawa 9:7, kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ba ba kuma kan tilas ba. Amma fa ka ci gaba da karatu kar ka tsaya inda ya yi maka daɗi, mutanen Makidoniya da Bulus ya yaba a sura 8 talakawa ne futuk kuma sun bayar har fiye da ƙarfinsu, gwauruwar nan ta Markus 12 anini 2 ta saka kuma su ke nan abin da take da shi. Wato wanda ya ce shi ba ya ƙarƙashin doka bai samu hanyar gudu ba, ƙari ma ya jawo wa kansa. Ra'ayina, ɗaya bisa goma ma'auni ne mai kyau don yana da sauƙin lissafi kuma yana daidaita mai jika 300 da mai jika 30. In a yanzu ba za ka iya ba, fara da 1 cikin 20 ka riƙe shi ba fashi, ya fi alkawarin da za ka yi wata ɗaya ka ɓace wata biyar. Ma'aji ya fi jin daɗin dala 100 da ya san za ta zo kowane mako a kan jika 10 da ke faɗowa sau ɗaya ba a san ranar komowarta ba, don da abin da aka tabbatar ake yin kasafi. Ƴan'uwanmu Katolika su ma suna da nasu tsari, baikon da ake zagawa da shi lokacin Mas, da abin da kowa ke bayarwa sau ɗaya a shekara don ɗaukar nauyin ikilisiya, da tarin lokacin azumi na matalauta, ga kuma CADEV da ke aikin jin ƙai, sunaye ne suka bambanta amma nauyin ɗaya ne.

Sai dai ga iyaka, kuma ina so a ji wannan da kyau. Kar ka ci bashi don ka yi baiko. Kar ka ɗauki kuɗin ordonas na yaro ko na cefanen gida ka kai coci ka bar mata da tagumi. 1 Timoti 5:8 ta yi zafi a kan mutumin da ba ya kula da iyalinsa, kuma Yesu da kansa a Markus 7 ya tsauta wa masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Na faɗi haka ne saboda wa'azin da ke yawo a WhatsApp da talabijin, wai ka "shuka iri" na jika kaza cikin kwana 7 za ka ga mu'ujiza, ga lambar da za ka tura. Wannan ciniki ne, kuma mai lambar ne kawai ke cin riba. Mutumin bai san sunanka ba, ran da ka kwanta ciwo ba shi zai zo ba, zumuntar mata na cocinku ne za su zo da kunu a kwano. In kana da abin bayarwa ka fara da inda ake ciyar da kai. Haka nan ranar tara kuɗin gini da ake kiran suna da lasifika, wane ya ba da kaza a tafa masa, ka yi hattara da bakinka, kar kunya ko son a gani ta sa ka ambaci abin da ba ka da shi, daidai ruwa daidai tsaki. Ni da za a bi tawa ma da an daina kiran sunan nan kwata-kwata, Matiyu 6:3 ta ce kar hagunka ta san abin da damarka ke yi, ban san yadda muka haɗa wannan da lasifika ba.

Yanzu maganar hatsi, nan ne nake so dattawa da shugabannin mata su buɗe kunne don a nan ne ƙaramar ikilisiya za ta iya yin babban abu da kuɗi kaɗan. Kowa ya san yadda shekara take a ƙasar nan, Oktoba da Nuwamba kaka ta yi hatsi ya faɗi, daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba tiya ta hau sama, kuma daidai lokacin ne zazzaɓin sauro ke kwantar da yara, kana fita daga wannan sai ga rantare a Oktoba da kuɗin kaye da na inifom. Waɗanda suka ga yunwar 2005 da ta 2010 ba sai an ba su labari ba, haka da aka rufe iyaka a 2023 kowa ya ji a tukunyarsa. To me ya sa za mu ajiye kuɗin taimako a akwati har Agusta sannan mu je kasuwa mu saya da tsada? A yi baikon godiya na kaka da gaske, manomi ya kawo dami ko tiya, wanda ba ya noma ya kawo kuɗi, kwamiti ya fita da kuɗin nan take ya sayi hatsi da wake tun suna araha. Malakai 3:10 da muke yawan karantawa ai cewa ta yi a kawo cikin ɗakin ajiya domin a samu abinci a gidan Ubangiji, abinci fa aka ce. Kuma Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce kowace shekara ta 3 a tara zakkar amfanin gona a cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi.

Ajiyar ma da iyawa. Tiya wajen kilo 2 da rabi ce, buhu babba kan ɗauki tiya 40, a auna a gaban mutane a rubuta. Kar a jibge buhuna a ƙasa ko a jingina da bango, a ɗora kan katako saboda gara da laima. Hatsi ya bushe sosai kafin a ɗinke. Wake kuwa in ba a sa shi a buhun PICS mai ninki 3 an ɗaure kowane ninki da kyau ba, kafin bazara ƙwari sun maida shi gari. Ɗakin a sa masa kwaɗo 2, makulli ɗaya wurin dattijo ɗaya, ɗayan wurin shugabar mata, ba don ana zargin kowa ba, don a kare su ne daga bakin mutane da kuma daga ɗan'uwan da zai zo da dare yana roƙon "ranta mini tiya 5 kawai". Abin da ke kashe bankin cimaka a ƙauyuka da yawa shi ne rance da ba ya dawowa, kuma a coci abin ya fi wuya don wa zai iya bin ɗan'uwa bashi har gida? Shi ya sa shawarata a raba kashi biyu tun farko, kashi ɗaya kyauta ne ga waɗanda kowa ya san ba su da hali, kashi ɗaya a sayar wa ƴan ikilisiya a farashin da aka saya da kaka da ɗan abin dako a kai, kuɗi hannu. Mai saya ya samu sauƙi, jari ya dawo, baɗi a sake saye. Rance dai a guje shi.

Sai lissafi, wanda in babu shi duk abin da na faɗa a sama banza ne. Mutane da yawa da suka daina bayarwa ba imaninsu ne ya yi sanyi ba, sun shekara suna bayarwa ne ba su taɓa jin inda kuɗin suka shiga ba, in ka tambaya a ce ai Allah ka ba. E Allah na ba, amma ta hannun mutum ya bi. Bulus da kansa da ya tara gudunmawar Urushalima bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba, a 2 Korintiyawa 8:18-21 ya haɗa Titus da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, ya ce don kar kowa ya samu abin zargi, ana so a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. In manzo ya nemi shaidu to waye ma'ajinmu da zai ji haushi? Ga abin da ya kamata ka gani a cocinku: ana ƙirga baiko a nan cikin coci da an tashi sujada, mutum 2 ko 3 da ba ƴan gida ɗaya ba, a rubuta a kaye da bik kowa ya sa hannu, ba a kai jaka gida a ƙirga gobe ba. Fasto da mama fasto kar su riƙe kuɗi, wannan gata ne gare su ba raini ba. Duk abin da aka saya a karɓo resi, in mai kaya ba shi da resi kamar mai yashi ko ɗan ga-ruwa a rubuta a kaye mutum biyu su shaida. Kuɗi in sun taru a kai banki ko asusun ajiya da sunan ikilisiya, fitarwa sai da sa hannu 2. Duk wata 3 a karanta rahoto a gaban jama'a da Hausa da Faransanci yadda tsohuwa ma za ta gane, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kuma kuɗin da aka tara don kwano na kwano ne, ba a taɓa su a yi shinkafar Kirsimeti da niyyar za a mayar, ba a mayarwa.

In babu wannan tsarin a wurinku kar ka ɗauki fushi ka riƙe zakkarka shiru, kar kuma ka je gurup na WhatsApp ka yi ta habaici. Ka samu dattijo ɗaya cikin ladabi, "Baba, ina ganin da za a riƙa karanta mana rahoto da mutane sun ƙara bayarwa", ka kawo shi a taron ikilisiya, in ka iya lissafi ka ce za ka taimaka da rubutu. Sau da yawa ba cuta ba ce, ma'ajin ne tsoho ya gaji ba wanda ya taɓa koya masa, shi ma neman mai karɓarsa yake. Mai gaskiya ba ya tsoron a buɗe kaye, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Rabon taimako shi ma wuri ne da ake samun ɓaraka. Rikicin farko da aka rubuta a cikin ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne, Ayyukan Manzanni 6, masu jin Helenanci suka yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu, sai aka zaɓi mutum 7 su Istifanas aka damƙa musu aikin. Mu ma haka cocinmu yake a haɗe, ga Hausawa ga Zabarmawa ga Gurmawa, ga Yarbawa da Ibo, ga mutanen Benin da Togo, ga ma'aikaci ko soja da aka turo aiki, in kwamitin taimako ya zama na yare ɗaya ko dangi ɗaya to ko sun yi adalci ba za a yarda ba. A gauraya su, kuma lalle a sa mata, don su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, namiji sai ya zo coci da wankakkiyar riga yana murmushi alhali gidansa ba ko tiya. A kai taimako gida da yamma cikin sutura, ba a kira mutum gaban jama'a ba, kuma don Allah a bar ɗaukar hoton gwauruwa riƙe da buhu ana sawa a Facebook. A rahoto a ce an taimaki gida kaza da kaza, ba sai an faɗi suna ba. In na magani ne ya fi kyau wani ya karɓi ordonas ya je farmasi ya sayo, in na lakwal ne a biya can a karɓo resi.

Kar kuma taimakon ya tsaya a bakin ƙofar coci. Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri, tun ba ma ƴan'uwa masu bi ba, wato namu ne farko amma ba su kaɗai ba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da coci, almajirin da ya kwanta zazzaɓi a zaure, gidan da ruwa ya rusa da damina a unguwa, in akwai hali a kai musu, in coci na da tanki ko rijiya a bar maƙwabta su ɗiba. Amma da sharaɗi ɗaya, kar a ɗaura wa tiya igiya, kar a ce sai ka zo sujada za a ba ka. Yin haka ba kyau a gaban Allah, kuma a gari irin namu yana jawo zargin wai ana sayen mutane da abinci, abin da zai shafi kowa. In rabon na da ɗan yawa a sanar da mai unguwa, shi ya san mabukatan unguwarsa kuma ya zama shaida.

Wanda ba shi da ko sisi fa? Yana da abin bayarwa. Magini ya ba da yini ɗaya a katanga, mai gyaran kuran ya duba waya, malamin lakwal ya zauna da yaran da za su yi jarabawar BEPC da yamma, matasa su yi jigilar bido ran asabar, ma'aikaciyar jinya ta leƙa tsofaffi. Sai dai kar mai hali ya fake da wannan, ya ce ai ni ina kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa na biya nawa, ganga ba ta biyan faktir. Yara kuma a riƙa ba su ko dala 5 su saka da hannunsu a makarantar lahadi, matar aure da ke da sana'arta ta fidda nata daban kar ta ce na maigida ya wadatar.

Ku kuma da aiki ya kai Yamai ko Agadas ko Diffa, ko kuna Kano ko Libiya kuna nema, shawarata zakka ku ba cocin da kuke sujada a can don su ke ɗauke da ku yanzu, amma ku riƙa tuna na gida musamman da kaka lokacin sayen hatsi, don jika 10 ta Nuwamba ta fi jika 10 ta Agusta auki nesa ba kusa ba. Turawa yanzu ba wuya, ga Nita ga Al Izza ga Amana ga Airtel Money. Ku tura da sunan ma'aji ko lambar da ikilisiya ta sanar, ba ta fasto ba, ku ɗora kuɗin cirewa a kai don abin ya isa cif, sannan ku aika saƙo ga mutum 2, ma'aji da sakatare, ku faɗi nawa ne kuma na mene ne, zakka ce ko hatsi ko gini, a rubuta shi a kaye ran lahadi tare da sauran.